Wasan ban dariya na aji: a haddace rubutacce ko a ƙago na gida?

A lise-lise, wato makarantun sakandare, na Garwa da Marwa da Ngaundere a arewacin Kamaru, zancen wasan kwaikwayo yakan taso ne da zarar an dawo daga hutun ƙarshen Disamba, lokacin da hukumar makaranta take fara shirye-shiryen makon matasa wanda ake rufewa da bikin 11 ga Fabrairu. Ajin da ya ɗauki nauyin bai wa jama'a dariya a wannan mako, tambayar da zai fara cin karo da ita ita ce ko zai ɗauko wasan da wani marubuci ya riga ya wallafa da Faransanci ya haddace, ko kuwa zai zauna ya ƙago nasa da harsunan da ake ciniki da faɗa da su a unguwa. Ɗalibai sukan karkata ga na biyun saboda suna zaton ya fi sauƙi, malaman adabi kuma sukan fi son na farkon saboda suna ganin ya fi kwarjini a idon shugaban makaranta da baƙin da aka gayyata. Ni a ganina sauƙi da kwarjini ba su ne abin dubawa ba. Abin da ya kamata ya raba gardamar shi ne su wane ne za su zauna a kan bencina su kalla, da yawan lokacin da ajin yake da shi, da kuma ko akwai wanda zai iya riƙe alƙalami ya datse abin da ya yi yawa.

Lokacin nan kuwa ba shi da yawa. Daga komawa makaranta a farkon Janairu zuwa 11 ga Fabrairu bai wuce mako biyar zuwa shida ba, kuma a makarantun gwamnati yammacin Laraba ne aka saba keɓewa domin harkokin ƙungiyoyin ɗalibai. Ko an haɗa da safiyar Asabar, wadda malamai sukan cinye da darussan cike giɓi, da ƙyar ajin zai sami zaman gwaji goma. A 'yan shekarun nan ga kuma azumi da ya matso wannan yanki na shekara, tunda na 2025 ya kama a farkon Maris, kuma kowace shekara yana dawowa baya da kwana 10 ko 11. Yaron da ke azumi ba zai yi ta ɗaga murya a filin makaranta da ƙarfe biyu na rana ba, yarinya kuma za a neme ta a gida tun la'asar domin girkin buɗa-baki. Duk wanda zai zaɓa tsakanin hanyoyin biyu, ya fara buɗe kalanda tukuna.

Babban abin da rubutaccen wasa yake bai wa aji shi ne gini. Wani ya riga ya zauna ya tsara inda rikici zai ƙullu, da inda zai ƙara cakuɗewa, da inda za a warware shi, kuma wannan shi ne aikin da ya fi kowanne wuya a wasan ban dariya. Wasan da malamai suka fi ambata a ƙasar nan shi ne Trois prétendants... un mari na Guillaume Oyônô-Mbia, wanda maɗaba'ar CLE ta Yawunde ta buga a 1964. Labarin wata 'yar makaranta ne da ta dawo ƙauyensu ta tarar danginta sun karɓi sefa 100,000 daga hannun wani manomi, sannan ga wani ma'aikacin gwamnati ya ajiye 200,000, alhali ita tana da wanda take so, ɗalibi ne kamarta. Kuɗin ya ɓace, dangi suka rikice, aka shiga neman na uku da zai biya bashin na farko da na biyu. Kowane fage yana tura mai bi masa, don haka ko 'yan wasan ba su ƙware ba, labarin da kansa yana jan mai kallo ya so ganin ƙarshe. Haka nan wasannin Moliyer, marubucin Faransa na ƙarni na 17, irin su L'Avare (wato Marowaci) na 1668 da Le Médecin malgré lui na 1666, an shafe fiye da shekara 350 ana gwada su a gaban mutane iri-iri, kuma wuraren dariyarsu sanannu ne.

Akwai wata riba kuma da bai kamata a raina ba, musamman ga ɗan aji na shida, wato na kusa da ƙarshe, da ke fuskantar jarrabawar Probatoire ko ɗan ajin ƙarshe da ke fuskantar bak, wato jarrabawar kammala sakandare. Wanda ya haddace shafi goma na Faransanci mai kyau, ya furta shi sau da dama a gaban mutane, ya sami abin da zai yi amfani da shi a takardar adabi, kuma bakinsa ya saba da jimloli masu tsawo waɗanda ba ya jin irinsu a kasuwa. Iyayen da ke tambayar amfanin wannan wasa alhali jarrabawa na tafe a watan Mayu da Yuni, malami yana da amsar da zai ba su.

Matsalar tana fitowa ne ranar da aka hau dandamali. Masu kallo a filin lise na arewa ba ɗaliban adabi ba ne kawai: akwai 'yan ajin farko da suka shigo lise watanni biyar da suka wuce, akwai iyaye mata da suka zo ganin 'ya'yansu, akwai masu sayar da ƙosai da alawa a bakin ƙofa, akwai samarin unguwa da suka haura katanga. Yawancin waɗannan Faransancinsu na gaisuwa ne da na asibiti, ba na ƙarni na 17 ba. Dariya kuwa ba ta jiran fassara. In maganar ta wuce mutum bai kama ta nan take ba, shi ke nan ta wuce. Abin da akan gani shi ne layin gaba, inda malamai da manyan baƙi suke, ana murmushi, daga layi na huɗu zuwa baya kuma hira ta ɓarke, sai in wani ya faɗi ƙasa ko an bi wani da sanda sannan filin ya ɗauki shewa. A L'Avare akwai wurin da marowacin ya gano an sace akwatin kuɗinsa, ya ruɗe har ya cafke hannun kansa yana zaton ɓarawo ya kama. Wannan wuri kowa zai yi dariya, daga mai digiri har jaririn goye, domin ido ne ke gani. Amma kafin a iso can, sai an ratsa dogayen muhawarori a kan aure da bashi da kuɗin ruwa, waɗanda yaron da ya haddace su yake zubowa da murya ɗaya ba hawa ba sauka, idonsa a sama yana laluben jimla ta gaba. In kuwa ya manta kalma ɗaya, sai komai ya tsaya cik, a ji mai tuni daga bayan labule yana raɗa da ƙarfi, abokin wasansa kuma ya rasa yadda zai cece shi saboda shi ma layinsa kaɗai ya sani.

Sannan akwai abubuwan da ke cikin waɗannan wasanni da ba za su shiga filin makaranta a Garwa yadda suke ba. Wasan Oyônô-Mbia a wani ƙauyen ƙabilar Bulu na kudancin Kamaru yake, da bammi da boka da tsarin kuɗin aure wanda dangi ke rabawa, alhali a wajen Musulmin arewa sadaki haƙƙin amarya ce, abin da ke cin aljihu kuma lefe ne da kayan ɗaki. Mai kallo zai gane kwaɗayin dangi sarai, amma zai kalle shi a matsayin abin da wasu can suke yi. Le Médecin malgré lui kuwa, duk da cewa babi uku ne kawai kuma ya fi sauran dacewa da ƙarancin lokaci, yana buɗewa ne da miji yana jibgar matarsa, kuma dole malami ya yi tunanin yadda zai nuna wannan a gaban iyaye. Ga kuma ƙarancin gurabe: aji mai ɗalibai 60 ba abin mamaki ba ne a lise, rubutaccen wasa kuma da wuya ya ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin huɗu nasu, manyan guraben ma uku ne ko huɗu, kuma kowa ya san waɗanda za a bai wa, wato waɗanda dama su ne kan gaba a Faransanci.

Wasan da aji ya ƙago da kansa yana da tushe mai zurfi a wajen Bahaushe, ko da yaran ba su taɓa zama sun yi tunanin haka ba. Wanda ya taɓa yin tashe bayan goma ga azumi, ya liƙa auduga a haɓa ya fito a matsayin tsoho mai gemu, ko ya rataya tarkace ya yi Jatau mai magani, ya riga ya san yadda ake karya murya da yadda ake jiran dariya ta lafa kafin a ci gaba. 'Yan kama sun daɗe suna kwaikwayon karatun malamai suna mayar da shi zancen tuwo da miya, wawan sarki kuma yana faɗar abin da fadawa ba su isa su faɗa ba. Wannan gado yana jikin yara, kuma ya kan fito ne kawai in an bar su su yi magana da harshen da suke tsokanar juna da shi. Ɗalibin da ke zaune a bencin baya wanda bai taɓa ɗaga hannu a darasi ba, sau da yawa shi ne wanda zai kwaikwayi mai sayar da magani a tasha har malamai su riƙe ciki.

Cakuɗar harsuna, wadda ke wahalar da rubutaccen wasa, ita ce jarin wasan gida. A arewacin Kamaru Fillanci ne harshen da ya haɗa kowa a kasuwa, Hausa tana da ƙarfi a unguwanninta da wajen 'yan kasuwa, Faransanci na ofis ne da aji, ga kuma Barbarci da Larabcin Shuwa da Tupuri da Mundang da Giziga da Mafa, kowanne da masu shi a cikin aji guda. A ɗauki misalin fage ɗaya. An kira wani Alhaji makaranta saboda ɗansa ya yi fashin darasi, Alhaji ba ya jin Faransanci, mai kula da tarbiyya kuma daga kudu aka turo shi, ba ya jin Hausa, sai ya zama yaron mai laifin shi ne tafinta. Malamin ya buɗe rajista yana lissafa sa'o'in da yaron bai zo ba, fuska a murtuke. Yaron ya juya ya ce, "Baba, cewa ya yi tunda yake aiki bai taɓa ganin ɗalibin da ba ya takura wa malamai kamata ba." Alhaji ya gyara zaman babbar riga ya ce, "Madalla. Ka ce masa na gode, Allah ya saka da alheri, halin gidanmu ne, haka kakanka yake." Malamin ya ga ana murmushi ya ƙara harzuƙa, Alhaji kuma ya ɗauka zafin yabo ne, ya sa hannu a aljihu zai ba da goro. A irin wannan fage wanda ke jin Faransanci kaɗai zai yi dariya, wanda ke jin Hausa kaɗai zai yi, wanda ke jin duka biyun kuma zai yi sau biyu, kuma ba a buƙaci kaya ba sai tebur da kujera biyu da rigar da aka aro daga gida.

Ta fuskar hukuma ma ba abin ɓoyo ba ne. Tsarin mulkin 1996 ya ce Ingilishi da Faransanci ne harsunan gwamnati, amma ya ɗora wa ƙasa nauyin karewa da bunƙasa harsunan gida, dokar ilimi ta 14 ga Afrilun 1998 ma ta sa bunƙasa su cikin manufofin makaranta. In shugaban makaranta ya nuna ɗari-ɗari da wasan Hausa a makon matasa, ana iya ɗaga shi zuwa 21 ga Fabrairu, ranar harshen uwa ta duniya, wanda hakan ma ƙarin kwana goma ne na gwaji.

Sai dai a nan ne zaton ɗalibai na cewa wasan gida ya fi sauƙi yake rushewa. Abin da aji yakan kawo a zaman farko ba wasa ba ne, tarin barkwanci ne: wannan yana da kwaikwayon mai babur na haya, wancan yana da na kishiyoyi, wata tana da na dillaliya, kuma kowa yana so nasa ya shiga. In aka jera su haka nan, minti goma na farko za a yi dariya, daga nan sai abin ya zama kamar kunun da aka yi ta ƙara wa ruwa domin ya isa kowa. Ba a san inda aka nufa ba, fage ba ya ƙarewa sai 'yan wasan sun gaji, wanda ya sami dariya sau ɗaya kuma sai ya maimaita abin har sau huɗu. Maganin wannan shi ne a sami mutum ɗaya ko biyu, ba kwamiti ba, su rubuta ƙashin labarin a shafi biyu: wa yake son me, wa ya tare masa hanya, wace ƙarya aka yi, kuma yaya asiri zai tonu. Kowane fage a rubuta jimlar shigarsa da jimlar fitarsa a haddace su, tsakiyar kuma a bar 'yan wasa su cika, amma da agogo a hannun mai shiryawa. Barkwancin da bai tura labarin gaba ba a cire shi ko da ya fi kowanne daɗi, kuma wanda zai iya gaya wa abokinsa haka ba tare da an yi zuciya ba, shi ne ainihin abin da aji yake buƙata kafin ya zaɓi wannan hanya.

Haɗari na biyu ya fi na farko girma, domin yana iya wuce ranar wasan. Rubutaccen wasa yana zolayar mutanen da ba sa nan. Wasan gida kuwa yana zolayar waɗanda ke zaune a filin. Akwai wasan barkwanci na gado tsakanin Fulani da Barebari wanda kowa ya san iyakarsa, kuma in Bafulatani da Babarbare suka yi shi a dandamali ba wanda zai ji haushi. Amma kwaikwayon yadda wata ƙabila take karya Hausa, ko mayar da ɗan ƙauye ko ɗan dutse wawan wasa, a ajin da Musulmi da Kirista da 'ya'yan ƙabilu goma suke zama a benci ɗaya, wannan cin fuska ne ko da an yi dariya. Haka nan kwaikwayon wani malami takamaimai, da tafiyarsa da kalmar da ya saba maimaitawa: filin zai tashi da ihu, yaron kuma zai ci gaba da zama a gaban malamin har ƙarshen shekara. A zolayi hali, kamar rowa da ƙarya da son a sani da cika baki, a bar mutum. Addini kuma a bar shi gaba ɗaya, har da abin da 'yan kama suke yi, domin su sana'arsu ce kuma jama'a ta san su da ita, ɗan lise kuwa ba shi da wannan rigar kariya. Kada a manta cewa wayoyi za su ɗauka, kuma minti ɗaya da aka yanko aka watsa a WhatsApp ko TikTok ba ya tafiya da bayanin abin da ya gabace shi. Saboda haka dole malamin da ke kula da ajin ya ga wasan daga farko har ƙarshe kafin ranar, kuma a yi alkawari ba za a ƙara sabon abu a kan dandamali ba.

Batun 'yan mata yana goyon bayan wasan gida. Uba da yawa zai amince 'yarsa ta fito a matsayin uwa ko malama ko 'yar kasuwa, amma ba zai amince ta tsaya wani yana riƙe hannunta yana furta kalaman soyayya a gaban jama'a ba, ko da da Faransanci ne. In ajin ne ya rubuta, sai a ɗinka gurbin daidai da abin da gidan yarinyar zai ɗauka, a kuma tsara gwaji ya ƙare kafin la'asar sakaliya. Kuɗi ma haka: kayan Faransawan da, da hulunan gashi da dogayen riguna, sai an kai wa tela, alhali zani da mayafi da rawani da buta da tabarma duk suna gida. Sauti ne kawai bai bar kowa ba. Wutar arewa mafi yawanta daga madatsar Lagdo take a kan kogin Binuwai, kuma da rani in ruwa ya ja baya ɗaukewar wuta takan yawaita, don haka ko a tanadi injin wuta ko a koya wa yara jefa murya. Makirufo ɗaya da ake miƙa wa juna yana kashe kowace irin raha, amma ya fi cutar da rubutaccen wasa, inda komai ya rataya a kan a ji kowace kalma.

Akwai hanya ta uku da mutane sukan kawo a matsayin sulhu, wato a ɗauki ƙashin labarin Moliyer a sa masa naman gida, marowacin ya zama Alhajin da ya binne kuɗi a bayan rumbu yana ƙirga ƙwayar goro. Hanya ce mai kyau, kuma tana magance rashin gini, amma ta fi sauran biyun neman ƙwararren malami, domin wanda bai ƙware ba zai ɓuge da fassara layi bayan layi, ya fito da Hausar da babu mai yin irinta. Wasannin Moliyer kowa yana da damar juya su yadda ya so. Oyônô-Mbia kuwa a 2021 ya rasu, haƙƙin aikinsa yana nan, saboda haka nunawa kyauta a cikin makaranta daban, sayar da tikiti ko ɗora juyayyen wasan a intanet kuma daban. Abin lura game da shi ma shi ne ya rubuta wasan nan nasa tun yana saurayi ɗan makaranta, a kan abin da ya gani a cikin danginsa da ƙauyensu.

Ajin da ke da jarrabawar ƙasa a gabansa, wanda zai yi wasa a cikin zaure a gaban ɗalibai manya da malamai, ya ɗauki rubutaccen wasa, amma ya yanke shi zuwa minti talatin ko arba'in, ya zaɓi fagagen da jiki ke magana a cikinsu, ya sa mai ba da labari ya cike giɓin da Hausa ko Fillanci. Ajin da ba shi da jarrabawa a shekarar, kamar aji na biyar, wanda zai fito fili a gaban iyaye da ƙanne, ya ƙago nasa, muddin ya sami mai rubuta ƙashin labari da malamin da zai tace. In babu ɗaya daga cikin waɗannan biyun, gara ya koma ga rubutaccen ko da dariyar za ta ragu. Kowacce aka ɗauka, mako biyu kafin ranar a tara 'yan ajin farko kamar ashirin a wani ɗaki a yi musu minti goma na farkon wasan, mutum ɗaya ya zauna a baya da takarda yana rubuta inda suka yi dariya da inda suka fara waige-waige, sannan a Larabar da ta biyo baya a datse wuraren waige-waigen.